Kafin a Kashe Sabar Ofis: Martani ga Mai Kiran a Koma Gajimare Zalla

Maƙalar da ta fito kwanakin baya, wadda ke kira ga ofisoshin Kano su kashe sabobinsu su miƙa kula da kwamfutocin ma'aikata kacokan ga gajimare, ta cancanci a amsa ta. Mai rubutun ya san aikinsa, kuma shugabannin makarantu da asibitoci da kamfanoni za su karanta su yi aiki da ita. Hujjarsa a dunƙule ita ce saba tana cin wuta, tana buƙatar injiniya, yawanci ba a sabunta ta, Microsoft kansa ya karkata ga gajimare, tsarin haɗaka kuwa ɗaukar kaya biyu ne a kai ɗaya. Ban musa masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Inda muka raba gari shi ne hukuncin da ya yanke, domin ya gina lissafinsa a kan ofishin da intanet ba ta yankewa, kowane ma'aikaci na da laftof ɗinsa shi kaɗai, kuma kuɗin da ake biyan haya da shi ba ya faɗuwa. Ofisoshin da ke jere a titin BUK, daga Gidan Murtala a wuce Ƙofar Ɗan'agundi da Ƙofar Na'isa har Gadon Ƙaya, da wuya a samu wanda ya cika ko sharaɗi ɗaya cikin ukun nan.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, abin da ake gardama a kai shi ne wurin da ikon ofis a kan kwamfutocinsa yake zaune. Dole a samu inda ake ajiye sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu, inda ake cewa wane ya buɗe wannan fayil wane kada ya buɗe, inda ake hana sa filas ɗin waje, inda ake tura manhaja da sabuntawa zuwa kowace na'ura. Tun fitowar Windows 2000 wannan aiki yana hannun Active Directory, wadda ke zaune a kan saba a cikin ginin ofis. A 2011 Microsoft ya fito da Intune, wadda ke yin makamancin aikin daga rumbunan kamfanin ta intanet, tare da rajistar ma'aikata da a 2023 aka sauya wa suna zuwa Entra. Mai gajimare zalla ba shi da komai a gini sai kwamfutocin da layin intanet. Mai haɗaka yana riƙe da saba a gida, yana kuma hayar gajimare don wani ɓangare na aikin.

Malam mai maƙalar ya yi gaskiya da ya ce kwamfutar da ke ƙarƙashin gajimare ba ta mutuwa don layi ya yanke. Wanda ya saba shiga da sunansa zai shiga, domin na'urar tana riƙe da shaidarsa ta baya. Abin da bai faɗa ba shi ne wannan sauƙi na wanda ya taɓa shiga wannan na'urar ne kaɗai. A dubi teburin karɓar marasa lafiya a ƙaramin asibiti mai zaman kansa: kwamfuta ɗaya ce, mutum uku ko huɗu ke karɓa-karɓa a kanta tsakanin safe da dare. An kawo sabuwar ma'aikaciya ranar Litinin, ko ɗan bautar ƙasa ya kama aiki, ko mai aikin dare ya manta kalmar sirrinsa, ga layi a ɗauke. Ba wanda zai shiga cikinsu sai intanet ta dawo, alhali marasa lafiya na zaune a benci da kati a hannu. Haka ɗakin kwamfuta na makaranta, inda ɗalibi ke zama yau a kujera ta biyar gobe a ta ashirin. Da saba a gini, wannan duka aikin minti biyu ne ta wayar cikin gida, ko da duniya ta yanke. Tsarin gajimare zalla an tsara shi ne da tunanin mutum ɗaya, na'ura ɗaya. Mu kuwa yawancin kwamfutocinmu na tebur ne, na kowa da kowa.

Yankewar layi kuma ba tsoron gaibu ba ne. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Abidjan. Bankuna a Najeriya suka shiga ba wa jama'a haƙuri, Microsoft da kansa ya sanar da cewa abokan cinikinsa a nahiyar na fuskantar tangarɗa, gyaran wayar MainOne kuwa ya ɗauki kusan wata biyu. Wannan na teku ke nan. Kano tana da nisan kilomita kusan dubu daga inda wayoyin suka sauka a Legas, kuma duk tsawon hanyar faiba ce a binne a gefen titi. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ce a 2024 an yanke faiba fiye da sau 50,000, kusan 30,000 daga ciki sanadiyyar aikin titi. Mutanen Ƙofar Na'isa, waɗanda a 2010 suka ga an rushe tsohuwar ƙofarsu don faɗaɗa titi, ba sa buƙatar a faɗa musu cewa idan katafila ta zo ba ta tambayar abin da ke gabanta, balle abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma yankewar da hukuma ke yi da gangan. A Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, aka ce na mako biyu ne, ya ɗauki watanni a wasu yankuna, ya kuma shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Kamfanin Kano mai reshe a Gusau ko Funtuwa yana da dalilin tuna wannan.

Za a ce ai Starlink ya shigo tun Janairun 2023, kuma ofis na iya riƙe layi biyu. Haka ne, kuma duk ofishin da ke da hali ya kamata ya yi. Sai dai layi na biyu kuɗi ne na wata-wata wanda maƙalar ba ta sa a lissafi ba, kuma yana maganin yankewar hanya ne kawai. Idan can inda aka nufa ne ya samu matsala, kamar yadda ta faru a ƙarshen Oktoban 2025 lokacin da kuskuren saiti ya durƙusar da wasu hidimomin Microsoft na sa'o'i a faɗin duniya, layi goma ma ba su amfana komai. Gidan da aka ja wa famfo a cikin birni bai cike rijiyarsa ba, kuma ba don maigidan ya ƙi ci gaba ba ne, ya dai san Tamburawa da Challawa ba kullum suke turo ruwa ba.

Batun kuɗi shi ne inda maƙalar ta fi rauni, domin ta kawo farashi da dala ta wuce. Farashin da Microsoft ya daɗe yana wallafawa shi ne dala 8 a wata kan kowane ma'aikaci don Intune kaɗai, dala 22 kuma don kunshin Business Premium da ƙananan kamfanoni suka fi saya. A ɗauki ofis mai ma'aikata 40 a kan kunshin: dala 10,560 ke nan a shekara. A farkon 2023, da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, abin bai kai naira miliyan 5 ba. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin hidima guda ɗin nan ya doshi naira miliyan 16, ba tare da an ƙara ko kujera ɗaya a ofis ba. A wannan canji, hayar mutum ɗaya naira 33,000 ce a wata, a jihar da mafi ƙarancin albashinta naira 71,000 ne. Makarantar da ke karɓar kuɗin zango da naira, daga iyayen da albashinsu bai ninka uku ba, ta yaya za ta tsara kasafin shekara uku a kan wannan? Na san akwai rangwame ga makarantu da ƙungiyoyin agaji, akwai kuma lasisin da ake biya kan na'ura maimakon kan mutum, amma su ma duk da dala aka auna su. Saba ma da dala ake shigo da ita, lasisinta ma haka. Bambancin shi ne ana sayenta sau ɗaya, a shekarar da ofis ya zaɓa, kuma idan shekara ta yi tsanani ana iya lallaɓa ta. Haya ba a lallaɓa ta, watan da ba a biya ba aka fara ƙirga kwanakin rufe ƙofa. Wanda lasisin Windows na saba ya fi ƙarfinsa ma yana da mafita, domin tun 2012 manhajar Samba, wadda kyauta ce, take iya riƙe rajistar ma'aikata irin ta Active Directory a kan Linux.

Malam ya yaba ƙwarai da yadda ake aika wa ma'aikaci sabuwar laftof a kwali, ya kunna, ya sa sunansa, komai ya sauka da kansa. Abin sha'awa ne, kuma yana aiki. Amma yana aiki ne idan an yi wa na'urar rajista da sunan ofis kafin ta iso, abin da manyan dillalai ke yi wa manyan masu saye. Ofisoshinmu a Beirut Road suke sayen kwamfuta, kuma galibi ta hannu ce, wadda ta gama aiki a wani kamfani a Turai ko Amurka. Masu gyara a can sun san irin laftof ɗin da za a goge tas a sa mata sabon Windows, tana shaƙar intanet sai ta fito da tambarin wani kamfanin waje tana neman sunan ma'aikacinsa, domin tsohon mai ita bai cire ta daga rajistarsa ba. Wasu kuma ba su da ɗan guntun tsaron nan na TPM 2.0 da Windows 11 ke sharɗantawa, ga shi tallafin Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025. Wannan matsala ta tsufan na'ura tana kan kowa, mai saba da mai gajimare. Abin da nake nunawa shi ne sauƙin da ake tallatawa yana zuwa ne bayan an sauya kwamfutocin ofis, kuma wannan kuɗin ma ba ya cikin maƙalar.

Sannan ga tambayar da za a yi wa duk wanda ya ce a kashe saba: me kuma take ɗauke da shi? A yawancin ofisoshi ba rajistar ma'aikata kaɗai ba ce. Manhajar akanta tana kanta, bayanan marasa lafiya ko sakamakon ɗalibai suna kanta, firintar da kowa ke turawa, na'urar dangwala yatsa ta shigowa aiki, duk da ita suke magana. Da yawa cikin waɗannan manhajoji wani matashi ne ya rubuta su shekaru da suka wuce, ba a yi su don intanet ba, kuma ba mai kuɗin sake rubuta su. Ofishin da ya bi shawarar Malam zai wayi gari kwamfutocinsa na gajimare, aikinsa na saba, wato ya faɗa haɗaka ba tare da ya shirya mata ba. Irin wannan saba, wadda a takarda an ce an yi ritayarta amma tana nan a kunne a bayan kabad ba mai duba ta, ita ce mafi haɗari. Hatta sabuntawar wata-wata tana komo da mu ga gini. Windows 11 kansa ya haura gigabayit 5, kuma kowace Talata ta biyu a wata sai an turo gyara. Kwamfuta 40 su ja shi ta layi ɗaya, bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025, ba ƙaramar data ba ce. Microsoft ya san haka, shi ya sa ya sa na'urori su riƙa raba wa juna abin da suka sauke, ya kuma fito da Connected Cache, wato akwatin da ake ajiyewa a cikin ofis ya sauke sau ɗaya ya raba wa saura. Ko me aka kira wannan akwati, kwamfuta ce a kunne a cikin gini.

Hujjar wuta ita ce mafi ƙarfi a hannun Malam, ba zan raina ta ba. A Afrilun 2024 farashin wutar rukunin A ya tashi daga naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. A Oktoban shekarar, lalacewar layin Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir ta bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu sama da mako guda. Ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Saba irin ta da, mai ƙugi a cikin dogon akwatin ƙarfe, mai neman na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, lallai ta fi ƙarfin ƙaramin ofis. Amma rajistar mutum 40 ba ta buƙatar wannan. Ƙaramar kwamfuta mai girman littafi, wadda ba ta kai firji cin wuta ba, ta isa, kuma sola da inbatar da ofis ya riga ya kafa don kwamfutocin tebur da na'urar intanet za su ɗauke ta. Ranar da ba wuta sam, mai gajimare ma a zaune yake, domin kwamfutocinsa ba da iska suke aiki ba, turakun sadarwar da ya dogara da su kuma da man gas suke tafiya.

Sai tsaro. Gaskiya ne sabar da ba a sabuntawa ƙofa ce a buɗe, kuma muna da misali a gida. A jarrabawar JAMB ta 2025, rashin sa gyara a wasu daga cikin sabobin da ke raba tambayoyi ya sa ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas suka sake zama, har magatakardan hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida. Duk mai kare saba dole ya haɗiye wannan. Sai dai darasin da ke ciki na sakacin sabuntawa ne, kuma har gobe cibiyoyin jarrabawar da sabar cikin gini suke aiki, don ba wanda zai yarda ya rataya makomar ɗalibi a kan ƙarfin netwok na minti ɗaya. A ɗaya ɓangaren akwai 19 ga Yuli 2024, ranar da gyara guda daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya sauka ta intanet ya kashe kwamfutoci kusan miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Abin ya sami masu saba da marasa ita. Abin lura shi ne yadda aka warke: na'urar da ta kasa tashi ba ta jin umarni daga nesa, sai da mutane suka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Wannan ya rushe ribar da Malam ya fi ƙirgawa, ta sallamar injiniyan ofis. Gajimare na sauya aikin injiniya ne, ba ya kore shi. Ya ma ƙara masa nauyi ta wata fuska, domin asusun shugaban tsarin a Intune na iya goge dukkan kwamfutocin ofis daga ko'ina a duniya, kuma a wurin da ake rubuta kalmar sirri a takarda a manna a jikin allo, wannan iko abin tsoro ne.

Akwai inda Malam ya yi daidai ɗari bisa ɗari, kuma masu kare haɗaka ba sa son faɗa. Sa kwamfuta ɗaya ta yi biyayya ga saba da gajimare a lokaci guda aiki ne mai ɗaure kai, dokoki na karo da juna, kuma Microsoft kansa yana ba da shawarar sabbin na'urori su tafi gajimare kai tsaye. A Satumban 2024 ma ya sanar da daina bunƙasa WSUS, tsohuwar manhajar raba sabuntawa a cikin gida, ko da yake tana nan tana aiki. Haɗakar da nake karewa ba ta kowace na'ura ba ce, ta ofis ce. Laftof ɗin shugaba da na masu yawo tsakanin Kano da Abuja su tafi gajimare, a biya musu haya, domin idan an sace ɗaya a tasha ana so a iya kulle ta daga nesa. Kwamfutocin tebur da ake karɓa-karɓa a kansu, da duk abin da tsayawarsa ke tsayar da aiki, su zauna ƙarƙashin ƙaramar saba a gini. A haɗa rajistar biyu don kowa ya riƙe suna ɗaya, a riƙa tura kwafin ajiya waje kowane dare saboda gobara da ɓarayi. Sabon ofishin lauyoyi ko na masu zanen gini mai mutum goma, kowa da laftof ɗinsa, ba tsohuwar manhaja, shi kam ya bi Malam, saba ba ta da amfani a gare shi. Kuskuren maƙalar shi ne ɗaukar wannan ofis a matsayin ma'aunin kowa.

Ma'aikatun gwamnati da asibitoci suna da ƙarin abin dubawa. Manufar hukumar NITDA ta 2019 ta fifita gajimare, amma ta kasa bayanai gida-gida, ba duka ta yarda su fita ƙasa ba, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta gindaya sharuɗɗa kan tura bayanan mutane waje. Microsoft ba shi da yankin rumbu a Najeriya, na nahiyar suna Afirka ta Kudu tun 2019. A nan Kano kuwa Galaxy Backbone na da cibiyar ajiyar bayanai da aka buɗe a Janairun 2023, abin da ke nufin hukumar da ba ta son riƙe saba a bayan kabad tana da zaɓi na uku da maƙalar ba ta ambata ba.

Malam ya yi alkawarin ci gaba da rubutu a kan wannan batu. Abin da zan roƙa a kashi na gaba shi ne kasafin shekara uku, da naira, na ofis mai mutum 40 da kwamfutar tebur 25 da laftof 8, a kan canji biyu, na yau da wanda ya fi shi muni da rabi. A sa kuɗin layi na biyu, da na sauya na'urorin da ba za su ɗauki Windows 11 ba, da na mayar da manhajar akanta da ta bayanan marasa lafiya kan intanet, da albashin wanda zai riƙe asusun shugaban tsarin. A gefensa a jera na ƙaramar saba da batirinta da hayar laftof takwas ɗin kaɗai. Idan na gajimare zalla ya fito ƙasa, zan so in ga ta wane layi aka bi.